Uwargida, Kin Taɓa Hawa Dala?

 Yau ba maganar tuwo da miya za mu yi ba, ba kuma ta raino ba. Yawo nake so mu fita, kuma ba da nisa ba.

Abin da ya jawo wannan magana kuwa, wata 'yar'uwata ce da ke aure a Maraɗi ta zo mana biki nan Gyaɗi-Gyaɗi. Da aka watse, sai ta ce mini, "Yaya, kafin in koma ina so ki kai ni in hau Dala, in ga Gidan Makama, don kada in koma gida a tambaye ni in yi shiru." Wallahi sai na ji kunya ta rufe ni. Shekarata goma sha tara a unguwar nan, na san kowane lungu na kasuwar Tarauni, na san Kantin Kwari kamar ɗakina, amma ƙafata ba ta taɓa taka Dala ba. Gidan Makama kuwa sai dai in hango shi daga cikin mota in za mu gaisuwa cikin gari. Ko da na tambayi maƙwabtana shida, ɗaya ce kaɗai ta taɓa hawa, ita ma tun tana 'yar talla, ranar Takutaha.

To ke fa, uwargida? Ga Turawa suna biyan kuɗin jirgi daga Jamus da Ingila don su zo su ga abin da ke bayan ɗakinmu, mu kuwa kuɗin adaidaita sahu ne kurum tsakaninmu da shi.

Da farko dai ki nemi iznin maigida, kuma kada ki ce masa unguwa za ki, ki gaya masa gaskiyar inda za ki. In da hali ki roƙe shi ya raka ku ranar da ba ya zuwa aiki. Nawa da ya ji sai ya yi dariya, ya ce me zan gani a tulin ƙasa? Amma da muka dawo shi ya fi kowa tambaya. Ki haɗa kai da maƙwabta biyu ko uku, ku ɗauki 'ya'yanku mata, ku bar na goye wajen kaka in zai yiwu. Ki sa takalmi mara tsini, ki riƙe gorar ruwa da 'yan canji, ki bar sarƙar gwal a gida.

Daga Gyaɗi-Gyaɗi in kin bi titin Gidan Zoo kika ratsa Gandun Albasa, sai ki ɓulla Ƙofar Ɗan Agundi. Nan ki ce wa mai mota ya ɗan dakata. Wannan tudun jar ƙasa da kike gani a gefen ƙofar, shi ne abin da ya rage na ganuwa, wadda Kanawa ke kira badala. Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta, shi kuwa ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, sa'an nan ɗansa ya ƙarasa. Sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. A da in rana ta faɗi sai sarkin ƙofa ya rufe ƙyaure, wanda ya makara ya kwana a waje. Watau mu nan 'yan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, da a wancan zamani ne, da duk a bayan gari muke kwana.

Ba zan ɓoye miki ba, abin da na gani bai yi mini daɗi ba. Wani wuri an yanke ganuwar an yi shago, wani wuri an ɗebi ƙasarta an yi bulo, wani wuri kuwa ta zama juji. Ƙofar Na'isa ta asali ma an rushe ta a 2010 don a faɗaɗa titi, aka gina sabuwa a madadinta. 'Yata ta aji biyu a sakandare ta tambaye ni, "Umma, to ina ganuwar take?" alhali kuwa a gabanta take tsaye. Wannan tambaya ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. In kin ce sai yara sun girma za ki kai su, wataƙila ki je ki tarar babu abin nunawa sai hoto.

Daga nan sai Gidan Makama, kusa da fadar Sarki. A nan nake so ki daɗe. Gidan ya samo asali tun zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, kuma a nan ya zauna kafin ya gina gidan sarauta na yanzu. Yau an mai da shi gidan ajiye kayan tarihi. Ana biyan ɗan abin shiga, akwai kuma ma'aikata masu zagayawa da baƙi suna bayani da Hausa. Kada ki ji nauyin yi musu tambaya, aikinsu ke nan.

Da shigarki za ki ji sanyi ya ratsa ki, ba fanka ba na'ura. Ki ɗaga kai ki dubi daurin guga da azara, ki dafa kaurin bangon, sa'an nan ki tuna yadda ɗakunanmu na siminti da kwano ke dafa mu a watan bazara. Za ki ga tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, da sulke da lifidi da kwalkwali na mayaƙa, da hotunan sarakuna, da na shigowar Turawa a 1903, lokacin da Sarki Alu ya tafi Sakkwato suka ci garin ba ya nan. Amma mu mata inda muka fi tsayawa shi ne wajen kayan ɗakin amaryar da. Wata dattijuwa da muka je tare, da ta ga jeren ƙwarya da tasoshi sai ta yi shiru, can ta ce irin jeren da aka yi wa mahaifiyarta ke nan. 'Yan matanmu kuwa dariya suka kama yi, wai ina za a sa firiji? Sai da dattijuwar nan ta zaunar da su ta gaya musu sunan kowane abu da amfaninsa. Don haka in kina da tsohuwa a gida mai sauran ƙarfi, ki tafi da ita. Ta fi kowane littafi.

Ku 'yan makaranta, ga wani abu da ba kullum ake gaya muku a aji ba. In an tashi tarihin Kano sai a yi ta lissafa maza, Bagauda a shekarar 999, Yaji wanda a zamaninsa Wangarawa suka zo daga Mali da addinin Musulunci, Rumfa, Ibrahim Dabo wanda ya hau a 1819, wanda kuma da sunansa ake cewa Kano ta Dabo. To akwai mata a ciki. Tarihin Kano ya ambaci Madaki Auwa, matar Rumfa, uwar Sarki Abdullahi, kakar Sarki Muhammadu Kisoki, mace mai faɗa a ji a fada har zamanin jikanta. Ya kuma ambaci Iya Lamis, mahaifiyar Kisoki. Har ila yau shi wannan tarihi ya ce Rumfa ne ya fara al'adar kulle. Ashe abin da kakanninmu suka tashi a ciki yana da ranar farawa da wanda ya fara shi. Wadda ke son ƙarin bayani ta nemi littafin Kano Ta Dabo Cigari na Wazirin Kano Alhaji Abubakar Dokaji, da Hausa yake, ba wuyar karatu.

Gidan Rumfa, watau gidan Sarki, ba a shiga haka kawai, gida ne na mutane ba gidan kallo ba. Amma tsayawa a filin Ƙofar Kudu ki dubi soro da dogarai cikin jan kaya da kore ya isa. A wannan fili ake jahi ranar Hawan Daushe, hawan da Sarki ke zuwa gaida mahaifiyarsa a Babban Ɗaki. Ki lura da wannan, ki kuma nuna wa 'ya'yanki maza: duk dawakin nan da algaita da bindiga, gaisuwar uwa ce aka fita. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. A ɗaya gefen gidan kuma ga babban Masallacin Juma'a mai koren tulluwa, wanda aka sake ginawa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero.

Sai Ƙofar Mata, wajen marina, daura da asibitin Murtala. Wari zai tarye ki tun daga bakin ƙofa, kada ki toshe hanci a gaban masu sana'a, ba ladabi ba ne. Rijiyoyin rinin nan ana cewa tun 1498 suke. Baba da toka da kanwa ake zubawa a ruwa a bar su su yi kwanaki suna tsima, sa'an nan marini ya zauna a bakin rami yana tsoma zane yana ɗagawa. Ki tsaya ki kalli abin mamaki: in ya ɗago zanen za ki gan shi kore-kore, da iska ta buge shi sai ya juye shuɗi a gaban idonki. Yawan tsomawa, yawan duhun launi. Kusa da nan za ki ji ƙarar mabuga suna dukan zane a kan gungume har ya yi ƙyalli.

Da yawa daga ramukan sun bushe, an bar su, domin atamfar kanti da rinin zamani sun kashe kasuwar. Amma ki san cewa wannan sana'a ita ta fitar da sunan Kano. Wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ya yi wa kansa laƙabi da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a nan suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. To wa ya kaɗa zaren? Mata ne, a cikin ɗaki, da mazari da alli. Su suka gurza audugar, suka shiɓe ta, suka kaɗa, kafin masaƙi ko marini ya sa hannu. Har yau ɗaurin da ke fitar da zanen ado a jikin rinin, yawanci mata ne ke yin sa a gidajensu. Ki sayi ko da ɗankwali ɗaya ne, ki taya amma kada ki matse su ƙwarai.

Kasuwar Kurmi ba sai na daɗe a kanta ba, yawancinmu mun shiga neman kayan yaji ko turaren wuta. Ita ma Rumfa ne ya kafa ta, a bakin Jakara. Wannan karon ki wuce layin da kika saba, ki leƙa wajen dukawa da masu kayan doki da masu sassaƙa ƙwarya. Lungunan ƙanana ne, ki riƙe hannun yaro da kyau, ki kuma riƙe jakarki. Ya kamata kuma yara su sani cewa a da har mutane aka sayar a wannan kasuwa, bayi maza da mata, kafin a hana.

Dala kuwa ki ba ta ranarta daban, ko dai da sassafe ko bayan la'asar, don da tsakar rana sai ki sha wuya. An yi matakala, amma duk da haka sai da na huta sau uku, 'yar'uwata ta Maraɗi tana yi mini dariya. Mai ciki da mai hawan jini su tsaya a gindi, ba dole. Kada kuma ku je ku kaɗai mata zalla in wurin ba jama'a, ku tafi da namiji babba, ku sauko kafin magariba. A kan wannan dutse ne Barbushe yake zaune, shi ne mai hidimar Tsumburbura, abin bautar mutanen Kano kafin Musulunci, kuma a gindinsa garin ya fara. Ba don neman tabarruki za ki hau ba, wannan ya wuce, sai don ki ga gari.

Kai, jama'a! Ban san Kano tana da girma haka ba sai ran nan. Ga Goron Dutse can yamma, ga hasumiyoyin masallaci, ga rufin Kurmi, ga unguwannin cikin gari sun cure wuri guda, sa'an nan gine-gine sun miƙe ta ko'ina har inda ido ya gaza. Muka yi ta neman Gyaɗi-Gyaɗi ta wajen kudu, kowa na nuna wani wuri daban yana rantsuwa nan ne gidanmu. 'Yata ce ta fara gano layin ganuwar, guntu nan guntu can, ta bi shi da yatsa har ta kewaye. Ta ce, "Umma, yanzu na gane." Abin da ya ɓata mini rai a sama shi ne ledoji da bola, da gidajen da suka matso har jikin dutsen. Ledar da kuka hau da ita, ku sauko da abarku.

In kun sami wata Asabar kuma, Gidan Ɗan Hausa na nan Nassarawa, ba nisa da mu. Gidan wani Bature ne mai suna Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko ta gwamnati a Nassarawa a 1909, Hausarsa ta sa aka yi masa wannan laƙabi. Ginin ƙasa ne mai zane a bango, ya cancanci gani. Yara ƙanana kuwa a ƙarasa musu da gidan namun daji na Audu Bako, gwamnan farko na Jihar Kano bayan an ƙirƙiro ta a 1967, tun da yake shi a ƙofar gida yake.

Malaman makarantun mata, ku ma da ku nake. Mota ɗaya da izinin iyaye sun isa a kai aji guda Gidan Makama a dawo kafin azahar. Ku kuma 'yan mata, duk wadda ta je ta tafi da littafi da fensir, ta rubuta sunayen ƙofofin da ta gani da idonta, ta aiko mana wannan fili, za mu buga wasiƙar da ta fi kyau. 'Yar'uwata ta koma Maraɗi da ɗankwalin Ƙofar Mata guda uku, ta kuma ce baɗi in na je sai ta kai ni nasu wuraren.