Nasabar Nana Asma'u ta Wajen Uwa

Duk almajirin da ya zauna gaban malami a ƙasar Gwandu, daga Masama har Kalgo, zai iya jero maka kakannin Shehu Usmanu tun daga mahaifinsa Muhammadu Fodiyo har zuwa Musa Jakollo, wanda ya taso da jama'arsa Toronkawa daga Futa Toro ya sauka Ƙonni, saboda haka ba za mu ɓata tawada a kan wannan silsila ba. Amma ka tambaye shi wace ce ta haifi Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta zo duniya a ƙauyen Degel cikin 1793, tagwaye ita da ɗan'uwanta Hassan, sai ka ga ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Gara ma wanda ya yi shiru a kan masu amsawa gaba gaɗi, wai ita da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ciki ɗaya suka fito. Haba jama'a! Uba suka haɗa. Mahaifiyar Bello ita ce Hauwa, wadda ake yi wa laƙabi da Inna Garka, alhali kuwa Asma'u 'yar Maimuna ce, wadda take 'yar'uwar Shehu ta jini tun kafin ta zama matarsa, bisa al'adar auren zumunci da gidajen malamai suka riƙe, inda ɗa kan gaji littattafan dangin uba da na uwa a lokaci guda. Allah ya yi wa Maimuna rasuwa Asma'u tana ƙarama, abokan zamanta suka ɗauki renon marainiyar, kuma a ganina shaƙuwar da ta biyo baya tsakaninta da Bello ita ce ta rikita masu ba da labari.

Hijira zuwa Gudu a 1804 da yaƙe-yaƙen da suka biyo ta kowa ya san su. Abin da ya shafe mu shi ne, bayan jama'a sun zauna Gwandu, garin da ya zama na baffan Asma'u Malam Abdullahi, aka ɗaura mata aure da Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello kuma wazirinsa daga baya. Ɗansu Abdulƙadir ya gaji wazirci, kuma daga tsatson Giɗaɗo da Asma'u Waziri Junaidu ya fito, wanda ya rasu a 1997. Asma'u kam ta koma ga Mahaliccinta a 1864, zuriyar kuwa da unguwarsu a Sakkwato sunan mijin suke amsawa, Giɗaɗawa.