Tsibirin da Rake ke Kunna wa Fitila

 Yau tafiyarmu mai nisa ce. Za mu ratsa Afirka mu faɗa Tekun Indiya, mu wuce Madagaska da ɗaruruwan kilomita ta gabas, mu sauka a Mauritius, ƙasar da faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 2,040 ba, mutanenta kuma kimanin miliyan 1.3 ne. Abin da ya kai mu shi ne dangantakar abincin ƙasar da wutar lantarkinta, domin a can su biyun ɗaure suke da igiya guda.

Tsibirin nan ba shi da maƙwabcin da zai ja masa waya ya ara masa wuta idan tasa ta gaza. Mauritius ba ta haƙo man fetur, ba ta haƙo kwal. Kusan kashi uku cikin huɗu na abincin da ake ci a ƙasar ta jirgin ruwa yake zuwa: shinkafa, alkama, madarar gari, nama. Alkamar ma sai an sauke ta a tashar jiragen ruwa ta Port Louis, babban birnin ƙasar, sannan injinan kamfanin Les Moulins de la Concorde su niƙa ta ta zama fulawar burodi. Naman da ya sha doguwar tafiya a cikin kwantena mai sanyi, da zarar an sauke shi sai a jona kwantenar da wuta, in ba haka ba zafin wurin ya gama da shi.

Amma akwai abu ɗaya da ƙasar ke da shi a yalwace, wato rake. Turawan Holan ne suka kawo shi daga tsibirin Java a 1639, bayi daga Afirka da Madagaska suka noma shi, bayansu kuma ma'aikatan ƙwadago da aka kwaso daga Indiya. Wanda ya taɓa tsayawa inda ake dafa mazarƙwaila a ƙasar Hausa ya san yadda ake shanya tukar raken da aka matse, a mayar da ita ƙarƙashin tukunya ta zama makamashi. To abin da Mauritius ta yi ke nan, sai dai ta kai shi wani matsayi na daban.

Mu leƙa cikin masana'anta a tsakiyar kakar yanka, wadda ke farawa a watan Yuni ta kai Disamba. Manyan motoci na jere a bakin ƙofa, kowacce maƙil da rake. Ana zuba shi kan bel, wuƙaƙen inji su daddatse shi, manyan ƙarafa masu juyawa su matse shi sau da yawa har ruwan ya fita. Kowane tan na rake yakan bar tuka kimanin kilo 300. Bel ɗin ba ya tsayawa, kai tsaye yake wucewa da ita cikin tanderu, ta ci wuta, ta tafasa ruwa, tururi mai ƙarfi ya juya injin da ke haifar da lantarki. Tururin da ya rage ba a zubar da shi, ana mayar da shi ya dafa ruwan raken har ya yi kauri ya zama sukari. Masana'anta ta ɗebi wutar da take buƙata, ragowar ta sayar wa hukumar lantarki ta ƙasa, CEB, wadda aka kafa a 1952.

Wannan ciniki ya fara ne a 1957, lokacin da masana'antar Saint Antoine ta fara tura rarar wutarta cikin layin ƙasa. A 1991 gwamnati ta fito da shiri na musamman don bunƙasa shi. Daga nan aka gina manyan tashoshi a jikin masana'antun sukari: ta Belle Vue a arewa mai megawat 70 a shekarar 2000, da ta La Baraque a kudu a 2007. Akwai shekarun da tukar rake kaɗai ta ba ƙasar kusan kashi 15 cikin 100 na lantarkinta. A ganina wannan abin a jinjina musu ne, domin ƙasashe da dama masu gonakin rake da suka fi nasu girma ba su kai nan ba.

Ina wutar ke tafiya? Wani kaso mai tsoka na komawa ga abinci. A gefen tashar Port Louis akwai manyan ɗakunan sanyi inda ake sauke kifin tuna da jiragen kamun kifi suka daskarar tun a teku. Kifin kan fito da tauri kamar icce, farin hazo na tashi daga jikinsa, ma'aikata sanye da rigunan sanyi da safar hannu suna tura shi ciki, inda dole sanyin ya tsaya a digiri 18 ƙasa da sifili dare da rana. Daga nan a kai shi masana'antar gwangwani irin ta Princes Tuna, mai ɗaukar dubban ma'aikata, a narkar da ƙanƙarar, a dafa, mata su zare ƙaya da fata da hannu, a rufe gwangwani, a loda zuwa kasuwannin Turai. Idan sanyin ya yanke na dogon lokaci, kifin ya tashi daga abin da za a saya. Haka kaji, haka madara, haka kantunan unguwa da otal-otal da ke ciyar da baƙi 'yan yawon buɗe ido sama da miliyan ɗaya a shekara.

To ga inda gizo ke saƙa. Rake na wata shida ne. Idan kaka ta wuce, tashoshin nan kwal suke ƙonawa, wanda ake sayowa musamman daga Afirka ta Kudu, tashoshin CEB kuma suna shan baƙin mai. A 2022, da yaƙin Ukraine ya sa farashin kwal ya yi tashin gwauron zabi, tashar Belle Vue ta dakatar da aiki na wani lokaci, ƙasar ta shiga fargabar ƙarancin wuta. Ga kuma guguwar teku: Belal da ta auka musu a Janairun 2024 ta cika titunan Port Louis da ruwa, ta bar dubban gidaje cikin duhu.

Abin da ya fi damuna shi ne raken kansa yana ja da baya. Tarayyar Turai ta zabge kashi 36 cikin 100 na farashin da take sayen sukarinsu tsakanin 2006 da 2009. Ƙasar da a da take fitar da tan sama da 600,000 a shekara, yanzu ba ta kai 300,000. Masana'antun da suka haura 15 a shekarun 1990 sun koma uku: Alteo, Terra da Omnicane. Ƙananan manoma da yawa sun bar gonakinsu, wasu filayen sun zama gidajen alfarma, matasa kuma ba sa sha'awar riƙe adda a cikin rana. Manoman sun daɗe suna kukan cewa ana sayar da wutar da aka samu daga rakensu amma abin da ke shiga aljihunsu bai taka kara ya karya ba, sai a 2021 gwamnati ta ƙara musu kuɗin tukar. Kukansu yana kan hanya. Duk gonar da aka bari, jirgin kwal ne zai cike gurbinta, da kuɗin waje.

A wannan shekarar ta 2021 ne gwamnati ta yi alƙawarin daina ƙona kwal nan da 2030, tare da samar da kashi 60 cikin 100 na lantarki daga hanyoyin da ba sa ƙarewa. Ana shimfiɗa faifan sola, ana girka manyan batura, ana kuma gwada tattara busasshen ganyen rake da a da ake bari a gona domin a ƙara a tanderu. Sai dai rana faɗuwa take yi, ɗakin sanyi kuwa ba ya barci, don haka tambayar da ke gaban mahukuntan Port Louis ita ce me za a zuba a tanderun nan daga Janairu zuwa Mayu idan an sallami kwal.