Bakin turampet: Ƙaramin ƙarfen da ke sauya muryar mabushi a Sakkwato

Duk wanda ya tashi a Ƙofar Marke, ko wata unguwa ta cikin tsohon garin Sakkwato, kunnensa ya san busa tun yana ƙarami. Ya ji kakaki da algaita ranar Sallah, ya ji begilar 'yan badujala ranar fareti a Dandalin Shehu Kangiwa. Duka busa ce ta fili, wadda aka yi don ta keta hayaniya ta isa nesa.

Matashin da ya koyi turampet, wato kakakin Turawa, a badujalar makaranta ko ta coci, da wannan amon ya saba. Ranar da ya ci karo da Miles Davis a YouTube sai ya ji wata murya dabam, mai kauri da taushi, kamar ta mai hira da dare yana gudun kada ya tayar da yara. Masu kiɗan jaz suna ce wa irin wannan amo "mai duhu". Idan ya ɗauki nasa ya gwada, ƙara mai kaifi ce ke fita, kuma abin da zai fara zuwa masa shi ne ya sayar da kayan busar ya nemi wani. Sau da yawa maganar ba ta kai nan ba. Tana a ɗan ƙarfen nan da ake cusawa a kan turampet a ɗora wa leɓe, wanda mabusa ke kira baki.

Tsawonsa bai wuce na ɗan yatsa ba sosai, amma sassa huɗu gare shi. Akwai gefen da leɓe ke zama a kai, da ƙoƙon da iska ke fara taruwa, da maƙogwaro, wato ɗan ramin da ke ƙasan ƙoƙon, sai bututun da ke buɗewa a hankali har ya shiga jikin turampet. A cikinsu ƙoƙo ne ya fi tasiri. Ƙoƙo marar zurfi yana ƙarfafa siraran sautukan da ke sa busa ta yi kaifi. Mai zurfi, musamman wanda ya tsuke kamar mazurari, yana danne su, sai kaurin ya fito. Faɗaɗa maƙogwaro ma yana ƙara kauri, sai dai yana shan iska.

Yawancin turampet ɗin da ke shigowa Najeriya, sabo ko na hannu, da baki mai lamba 7C yake zuwa. Tsarin lambar na kamfanin Bach ne, wanda Vincent Bach ya kafa a New York a 1918, kuma yana ruɗa mutane domin a juye yake. Ƙaramar lamba ita ce baki mai faɗi: 7C ya kai milimita 16.2, 3C kuwa 16.3, shi kuma 1½C milimita 17. Harafin shi ke nuna zurfi, A ya fi kowa zurfi, daga nan ana raguwa zuwa B, C, D, E. Saboda haka mai neman kauri, wanda leɓensa ya riga ya saba da 7C, matakin da ya fi masa sauƙi shi ne 7B, ko ya ɗan ƙara faɗi zuwa 5B. Tsallakawa kai tsaye zuwa 1½C don an ce manya shi suke busawa, sauya faɗi ne ba zurfi ba, kuma leɓen da bai ƙware ba zai gaji kafin a raba waƙa biyu.

Shi kansa Miles Davis, wanda ya fitar da faifan Kind of Blue a 1959, bakin Heim mai zurfin mazurari ya riƙe tun daga ƙuruciyarsa. Malaminsa Elwood Buchanan ne ya hana shi karkaɗa sauti, ya ce ya riƙa busa a miƙe. Wannan horon yana da rabo babba a muryar da ake sha'awa, kuma ba a sayar da shi a shago. Akwai kuma abin da ke yaudarar kunne: a waƙoƙinsa da dama yana toshe bakin ƙahon da murfin Harmon, wanda ke ba da wani siririn amo mai raɗa. Babu ƙoƙon da zai ba da wannan. Wasu mabusan, irin su Art Farmer da Hugh Masekela na Afirka ta Kudu, sun fi karkata ne ga fulugelhon, ɗan'uwan turampet mai faffaɗan jiki da ƙoƙo mai zurfi ƙwarai.

A nan ne lissafin mabushin Sakkwato ya bambanta da na mai busa a ɗakin kiɗa na New York. Abincinsa yana a fareti da biki da taron makaranta, cikin rana, ganguna na tashi a bayansa, babu lasifika. Baki mai zurfi yana rage kaifin da ke sa a ji shi daga ƙarshen fili, yana wahalar da hawa sautukan sama, wani lokaci ma ya sa su fito ƙasa da daidai. Shugaban badujala ba zai tambayi lambar baki ba, zai dai lura cewa busar wane ta nutse. Masu kakakin fada sun huta da wannan zaɓin, domin sautuka kaɗan kakaki ke bayarwa, kuma aikinsa tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa shi ne a ji shi daga nesa a san sarki ya fito. Mai turampet ne ke son abu biyu daga kaya ɗaya, shi ya sa mafita mafi arha ita ce baki biyu, na aiki da na jaz, amma masu faɗin gefe iri ɗaya don kada leɓe ya rikice.

Sai maganar saye. Kayan busa sun fi samuwa a Legas, galibi ta oda, ba tare da an gwada ba, kuma jabu masu ɗauke da sunan Bach ko Yamaha suna yawo. A jabun, lambar da aka zana ba lallai ta dace da ainihin awon ƙoƙon ba. Na hannu kuma sai an duba gefensa da kyau. Idan ruwan azurfar da aka yi masa ya goge har tagulla ta bayyana, ko akwai ƙarzuwa, zai iya ci wa mutum leɓe, balle a hunturun Sakkwato da leɓe ke tsagewa da kansa. Kai wa maƙeri ya buɗa maƙogwaron da abin huda kuwa caca ce, don ƙarfen da aka cire ba ya komawa.

Kafin kashe kuɗi, ana iya aron na abokin busa a wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu. A ajiye waya a nesa, a ɗauki waƙa ɗaya da tsohon baki da sabon, domin abin da mabushi ke ji a kansa ba shi mai sauraro ke ji ba. Ranar farko sabon baki yakan yi daɗi, bayan 'yan kwanaki ya fara gardama, sai an yi mako biyu ko uku ana busa shi kullum kafin leɓe ya nuna ko ya karɓe shi.