Haɗa Kwamfutoci da Daidaita Sauti da Hoto a Situdiyon Kiɗa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin da muryar mai magana ta riga bakinsa motsi ya san yadda abin yake rage armashin kallo. Wannan matsala ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1927, lokacin da aka fitar da fim ɗin The Jazz Singer a Amurka, sautin yana kan faifai ne, hoton kuma yana kan zaren fim, saboda haka da zarar allura ta yi tsalle, ko aka yanke wani yanki na zaren da ya lalace, sai magana ta rabu da baki. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana yadda ake sa na'urori da yawa su yi aiki tare a situdiyo, da yadda ake kunna bidiyo cikin manhajar sauti ba tare da ɗaya ya tsere wa ɗaya ba.

Harshen da na'urori suke ji

Kafin 1983 kowane kamfanin ƙera fiyano na lantarki da tasa hanyar sarrafa na'ura, ta wannan ba ta jin ta wancan. A watan Janairu na shekarar ne aka nuna wa jama'a tsarin MIDI, wanda Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland a Japan suka yi wa jagoranci. Abin lura shi ne MIDI ba ya ɗaukar sauti ko kaɗan. Umarni kurum yake aikawa: an taɓa maɓalli kaza, da ƙarfi kaza, an sake shi a lokaci kaza. Waya ɗaya tana ɗaukar tashoshi 16, kuma saƙon maɓalli guda yakan ci kimanin kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa. Da kwamfutar Atari ST ta fito a 1985 da ramukan MIDI a jikinta, sai kamfanin Steinberg na Jamus ya fitar mata da manhajar Cubase a 1989. Pro Tools kuwa ta biyo baya a 1991.

Lambar lokaci

Hoto mai motsi ba kome ba ne illa fallayen hotuna tsayayyu da ake jerawa da sauri. Domin kowane falle ya sami suna nasa, sai aka ƙirƙiro lambar lokaci ta SMPTE, mai gida huɗu: awa, minti, daƙiƙa da falle. Idan an ce a buga ganga a 01:12:05:10, to babu na'urar da za ta yi gardama a kan wurin da ake nufi. A 1987 aka samar da hanyar aika wannan lamba ta cikin wayar MIDI. A irin wannan tsari na'ura ɗaya ce jagora, sauran kuwa mabiya ne, tamkar dai makaɗi da 'yan amshinsa: shi ke ja, su kuma su karɓa.

Sai dai duniya ba ta haɗu a kan adadin fallaye ba. Fim ɗin silima yana tafiya da falle 24 a daƙiƙa. Talabijin na tsarin PAL, wanda aka bi a Ingila da Jamus da Nijeriya, falle 25 ne, daidai da rabin bugun wutar lantarki na waɗannan ƙasashe. Amurka kuwa ta fara da 30, amma da aka shigo da launi a 1953 sai aka rage shi zuwa 29.97. Ragin bai taka kara ya karya ba a ido, amma a cikin awa ɗaya yakan taru ya kai daƙiƙa 3.6. Dabarar da aka yi ita ce a riƙa tsallake lambobi biyu a farkon kowane minti, ban da kowane minti na goma, wato lambobi 108 ke nan a awa. Lambobin ake tsallakewa, ba a zubar da hoto ko ɗaya. Mai aikin da ya buɗe manhajarsa a kan 30 alhali bidiyon da aka kawo masa 29.97 ne, zai ga farkon aikin daidai, sai ya yi nisa sa'an nan ya tarar da ɓarna.

Haka abin yake ta fuskar sauti. Kwamfuta takan ɗebi sauti ne sau dubbai a daƙiƙa: sau 44,100 ga faifan CD, sau 48,000 ga aikin bidiyo. Waƙar da aka ɗauka a kan na farko, in aka kunna ta a kan na biyu ba tare da an juya ta ba, sai ta ƙara sauri da kusan kashi 9 cikin 100, murya ta tsuke, dattijo ya koma kamar saurayi.

Dalilin haɗa kwamfutoci

A ƙarshen shekarun 1990 masu tsara kiɗan fim suka fara dogara da taskokin sauti, wato muryoyin kayan kiɗa na gaske da aka ɗauka ɗaya bayan ɗaya. Taskokin sun fi ƙarfin kwamfuta guda ta wancan zamani, sai aka raba aikin: wannan ta riƙe kayan busa, waccan ta riƙe ganguna, wata kuma ba ta da aiki sai nuna bidiyo, domin warware hoto yana cin ƙarfin da sauti yake bukata. Da farko kowace tana bukatar wayoyinta na MIDI da na sauti. Daga baya wayar Ethernet ta ɗauke nauyin duka. Kamfanin Apple ya sa MIDI ta hanyar sadarwa cikin kwamfutocinsa a 2005, kamfanin Audinate na Ostireliya ya fito da tsarin Dante a 2006, ƙa'idar AES67 kuma ta zo a 2013 don na'urorin kamfanoni daban-daban su ji juna. Lissafin mai sauƙi ne: tashar sauti guda, mai ɗiba 48,000 da lambobi 24 ga kowane ɗiba, tana cin 1,152,000 a daƙiƙa, wayar kuwa tana iya ɗaukar miliyan 1000, don haka ɗaruruwan tashoshi sukan bi ta waya ɗaya.

Wahalar tana ga agogo. Kowace na'ura da nata, kuma babu agogo biyu da suke tafiya daidai wa daida. A ƙaddara ɗaya ya fi ɗaya sauri da kashi 50 kacal cikin miliyan. Bayan awa ɗaya tazarar ta kai kashi 18 cikin 100 na daƙiƙa, wato fiye da falle 4 a tsarin PAL. Shi ya sa lambar lokaci kaɗai ba ta wadatarwa, domin ita wuri take nunawa, dole kuma a sami agogo guda da kowa zai bi wajen sauri. Wannan ne kuma dalilin da ya sa ƙwararru ba su amince wa Wi-Fi ba a irin wannan aiki, saboda jinkirinta ba ya tsayawa wuri ɗaya. A yau kwamfuta guda mai ƙarfi tana iya yin abin da a da sai an tara huɗu ko biyar, kuma ƙaramin situdiyo da ya nace sai ya haɗa da yawa yakan ƙara wa kansa aiki ne kawai.

Alaƙar wannan da finafinan Hausa

Tun bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, waƙa ta zama ginshiƙi a finafinan Hausa. Ita akan fara ɗauka a situdiyo da fiyano, galibi ƙirar Yamaha, daga baya 'yan wasa su bi ta da baki a gaban kyamara, wato hoto ne ke bin sauti. A fassarar finafinan Indiya zuwa Hausa abin ya juya: hoton ya riga ya tabbata, mai murya yana kallonsa a cikin manhajar sauti yana ɗora magana a kai.

A nan ɗalibin harshe yake da abin cewa. Ido ya fi saurin gane saɓani a baƙaƙen leɓɓa, irin su /b/ da /ɓ/ da /m/, domin a wajen furta su ne baki yake rufewa baki ɗaya. Idan ɗan wasa ya rufe leɓɓansa a falle kaza, gwanin mai fassara zai nemi kalmar Hausa mai irin wannan baƙi a daidai wurin, ya kuma auna dogon wasali da gajere don jimlar ta ƙare tare da bakin. Ma'aunin hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ya nuna mai kallo yakan fara lura idan sauti ya riga hoto da kashi 45 cikin 1000 na daƙiƙa, amma yakan jure jinkirinsa har zuwa kashi 125, tun da ɗan Adam ya saba ganin walƙiya kafin ya ji tsawa. A tsarin falle 25 kowane falle kashi 40 ne, saboda haka muryar da ta riga baki da falle biyu ta riga ta wuce iyaka, alhali wadda ta makara da falle uku tana iya wucewa ba a ankara ba.