Peugeot 504 Coupé: zaɓen janti da gyaran tsayin mota

Duk wanda ya taɓa shiga tasha a Maraɗi ko Damagaram ya san Peugeot 504, amma kaɗan ne suka ga ƙanwarta mai ƙofa biyu, wadda ake kira Coupé. Gidan Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, ta fito a 1969, aka daina ƙera ta a 1983. Tsakanin ƙafafunta na gaba da na baya metir 2,55 ne, na babbar kuwa 2,74. Da ita, mai inji V6, Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Safari na Kenya a 1978. Abin da ke taimaka mata bisa hanyoyi na jar ƙasa shi ne tsayinta da laushin risor ɗinta, kuma su ne mai sabon saye ke fara ɓatawa, don yana son ta kwanta ƙasa da manyan janti kamar motocin zamani.

Janti, wato ƙarfen da taya ke zama a kansa, yana da awo uku da ba a wasa da su. Na farko ramukan bulon: na 504 huɗu ne bisa da'ira mai faɗin milimetir 140, awon da ba a cika samu ba a yau, don haka jantin sababbin Peugeot ba ya shiga. Masu faɗaɗa rami da fayil su tilasta shi suna wasa ne da ran mai mota, domin bulon da bai zauna daidai ba yana kwancewa cikin gudu. Na biyu shi ne yadda janti ke shigewa ciki ko fitowa waje. In ya fito da yawa, taya na gogar jiki, sitiyari ya yi nauyi, ƙwallayen ƙafa su mutu da wuri.

Na uku, wanda aka fi mantawa, shi ne tsayin ƙafar gaba ɗaya. A misali, taya 195/70 bisa janti mai inci 14 tana ba da kimanin milimetir 629, taya 205/55 bisa inci 16 kuwa 632. Agogon gudu ba zai yi ƙarya ba, amma gefen taya ya ragu daga milimetir 136 zuwa 113, alhali wannan roba ce ke shanye duka kafin ya kai ga ƙarfe. Bisa shimfiɗaɗɗen gudron babu damuwa. Rami guda ya isa ya lanƙwasa jantin da aka saya da tsada. A ganinmu inci 14 ko 15 ya wadatar. A kuma lura da jantin TRX na Michelin, mai milimetir 390, da wasu Peugeot na wancan zamani suka zo da shi: tayar kasuwa ba ta hawansa.

Game da tsayi, ƙafafun bayan Coupé kowace tana motsi da kanta, ba kamar na famiyal ba da ƙarfe guda ya haɗa. Idan aka sassauke ta, kawunan tayoyin na karkata ciki, sai gefen ciki ya cinye tun sauran na sabo. Ga tukunyar mai da bututun hayaƙi sun matso kusa da duwatsu. Yanke risor na ƙara masa tauri, yana ma iya zamewa daga mazauninsa, gasa shi da wuta kuwa kashe ƙarfen ne. Sau da yawa ma motar da ta haura shekara 40 ta riga ta sauka da kanta saboda gajiyar risor, abin da take bukata shi ne a maido mata tsayinta na asali.

Ana aunawa ne bisa daɓe mai daidaito, tanki cike, iska ɗaya cikin tayoyi, daga tsakiyar janti zuwa bakin jikin mota, hagu da dama. A sake risor biyu biyu tare da amortisar da ya dace da tsawonsu. Bulon masu roba ba a ɗaure su sai mota ta sauka bisa ƙafafunta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta tsage. Daga nan sai a kai ta a daidaita saitin ƙafafun gaba, a yi ƴar tafiya, a sake aunawa.