Yadda ƙyallen da tela ke sharewa zai zama bargon hunturu a Kakuri da Sabon Tasha

Duk lokacin da Sallah ko Kirsimeti ta ƙarato, shagunan teloli a Kakuri, Barnawa, Narayi, Television da Sabon Tasha kan kwana ana taka keke. Da gari ya waye, yaran shago su share ƙasa, su tara ƙyallayen atamfa, shadda da yadi a buhu.

Kaɗan daga ciki ake amfani da su wajen goge keke ko cusa matashin kai. Sauran sukan ƙare a bola, ko a cinna musu wuta a bayan shago, ko ruwan sama ya kwashe su zuwa magudana.

Alhali kowane ƙyalle a cikin buhun nan da kuɗi aka saye shi. Kuma a daidai lokacin da ake zubar da shi, magidanta na neman kuɗin sayen bargo, domin ɗinkin Kirsimeti da sanyin hunturu a wata ɗaya suke haɗuwa.

Unguwar da ta saƙa wa Arewa sutura

Zubar da tufafi a wannan yanki ya fi ciwo idan aka tuna abin da ya tara jama'a a tsallaken kogin tun farko.

A 1957 masaƙar Kaduna Textiles Limited, wato KTL, ta fara aiki a Kakuri, bayan gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello ta haɗa hannu da kamfanin David Whitehead na Ingila. Nortex da United Nigerian Textiles, wato UNTL, da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960. Dubban ma'aikata daga ko'ina a ƙasar nan suka sauka a Kakuri, Makera da Nasarawa, har ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa ta kafa hedikwatarta a Kaduna.

Rashin tsayayyen lantarki, tsadar baƙin mai, tsufan injina da fasa-ƙwaurin atamfa mai araha suka taru suka durƙusar da masana'antar. KTL ta rufe a 2002. UNTL ta rufe a 2007, aka sake buɗe ta a 2010, amma harkar ba ta koma kamar da ba.

Yau galibin atamfa da shaddar da ake sayarwa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da Kantin Kwari na Kano daga waje ake shigo da su, musamman daga ƙasar Sin. Faɗuwar darajar naira tun daga watan Yunin 2023 ta ƙara musu tsada. Ke nan ƙyallen da ke ƙarƙashin teburin tela kaya ne da aka biya da dala.

Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa

Wasu na ɗaukar haɗa ƙananan ƙyallaye a cusa musu ciki a matsayin sana'ar Turawa da ake gani a Facebook da YouTube. Tarihi bai nuna haka ba.

Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah a Zariya, Kano ko Katsina ya ga 'yan lifidi. Lifidi tufa ne biyu da ake cusa wa auduga a tsakani, a bi su da ɗinki layi-layi don kada audugar ta taru wuri ɗaya. Littafin Tarihin Kano ya danganta shigowarsa da Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1410. Dabarar da ta kare doki da mahayinsa daga kibiya, ita ce dai ke kare jiki daga sanyi.

Haɗi ma tsohon aiki ne. Masaƙan gargajiya siraran saƙa suke fitarwa, sai maɗinki ya jera su gefe da gefe kafin a samu gwado, luru ko babbar riga.

Abin da ya fi hana mutane shi ne kunya, domin an saba ganin faci a matsayin alamar babu. A wasu wuraren kuwa faci abin alfahari ne. A Senegal, 'yan Baye Fall, mabiya Sheikh Ibrahima Fall, da tufafin haɗe-haɗe ake gane su. A ƙauyen Gee's Bend na jihar Alabama ta Amurka, matan baƙar fata sun daɗe suna ɗinka barguna da tsofaffin kayan aikin gona saboda talauci. A 2002 aka baje kolin aikinsu a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, a 2006 kuma hukumar gidan wayar Amurka ta buga hotunan bargunan a kan kan-sarki.

Ƙyallen na waye?

Kafin a ɗauki almakashi, akwai maganar amana. Wanda ya sayi turmi shi ke da abin da ya rage, kuma rigimar tela da mai kaya a kan ragowar yadi ba sabuwa ba ce.

Babban ƙyalle da zai isa hular yaro ko ɗankwali haƙƙin mai kaya ne, sai a mayar masa. Ƙananan da ba su kai tafin hannu biyu ba yawanci ba a nemansu, amma tambaya guda lokacin karɓar ɗinki ta isa ta raba gardama.

Uwargidan da ke son tara ƙyallaye na iya gaya wa telanta ya riƙa ɗaure mata nata a leda. Lokacin biki ya fi dacewa, domin anko, na 'yan uwan amarya ne ko na matan zumunta a coci, yakan bar ƙyallaye masu yawa iri ɗaya, waɗanda ke sauƙaƙa tsara launi.

Lissafin bargo ɗaya

Ga misalin bargon mutum ɗaya mai faɗin inci 60 da tsawon inci 80.

A yanka kwali murabba'i, inci 5 kowane gefe, ya zama ma'auni. Idan ɗinki ya ci rabin inci ta kowane gefe, kowane yanki zai koma inci 4. Ana buƙatar yanki 15 a layi ɗaya, a yi layi 20, jimilla yanki 300.

Da sabuwar atamfa za a yanka su, kusan yadi biyar za su ci, wato turmi guda mai yadi shida saura kaɗan. Wannan shi ne abin da mai haɗa ƙyalle ta tsira da shi. Idan kuma ta yanka goma kullum, wata ɗaya ya ishe ta tara su.

Matakan aikin

Da farko a ware. Atamfa da atamfa, shadda da shadda. Idan aka haɗa yadi mai kauri da mara kauri, mai kaurin zai ja ɗayan har ya yage a bakin ɗinki. A bar leshi mai duwatsu da yadi mai talewa gefe.

Mai shakkar ko ƙyalle na auduga ne, ta zare ɗan zare ta kusanta shi da ashana, nesa da sauran kayan. Auduga kan ci wuta da warin takarda ta bar toka mai laushi. Yadin roba kuwa narkewa yake ya dunƙule. Wannan ne ma ya sa ƙona buhun ƙyalle a cikin unguwa ke da illa: hayaƙin roba ake shaƙa.

Na biyu, a wanke kafin a yanka. Wata atamfar tana zuba, wata kuma tana tsukewa a wankin farko. Gara a gano haka tun ƙyallen yana shi kaɗai. Bayan ya bushe a goge.

Na uku, a yanka bisa layin zare. Yankan karkace yana miƙewa, sai kusurwoyi su ƙi haɗuwa.

Na huɗu, a shimfiɗa yankunan a kan tabarma a tsara su, mai duhu kusa da mai haske. A ɗinke layi-layi, a goge bakin ɗinkin ya kwanta, sannan a haɗa layukan.

Na biyar, ciki da shafi. Tsohon bargon da ya siraice ko tsofaffin zannuwa biyu sun isa su zama ciki, zanin gado kuma ya zama shafi. A kama ukun da manyan ɗinki daga tsakiya zuwa gefe, sannan a bi layukan haɗin da keke ko da hannu. A ƙarshe a naɗe bakin da doguwar tsiri a kalmashe.

Duk wannan ba ya buƙatar lantarki. Keken ƙafa, ko allura da zare, sun wadatar. Sai dai a kula: bargo mai nauyi ba na lulluɓe jariri sabon haihuwa ba ne, kuma kada a sa maɓalli ko duwatsu a na yara.

Za a iya cin abinci da shi?

Babban bargo yana cin lokaci, kuma a kasuwa zai yi gogayya da bargon ƙasar Sin da na gwanjon Kasuwar Barci, waɗanda ba a rasa mai araha a cikinsu. Saboda haka ribarsa ta farko a gida take: kuɗin da ba a kashe ba, da ɗan makarantar kwana da ya tafi da abin rufa.

Mai son sayarwa gara ta fara da ƙananan kaya masu saurin gamawa: rigar matashin kujera, jakar littattafan Islamiyya, jakar cefane, shimfiɗar wasan yara. A nan tsaftar ɗinki da iya haɗa launi ne ke sa farashi, ba girman kaya ba.

Ga masu shago kuma, buhun ƙyalle makaranta ce kyauta. Yaron da ya haɗa yanki 300 kusurwa na haɗuwa da kusurwa ya koyi miƙe ɗinki ba tare da ya ɓata shaddar kowa ba.

Farfaɗo da masaƙun Kakuri aiki ne na gwamnati da masu zuba jari, kuma an daɗe ana jiransa. Hunturu kuwa ba ya jira. Wanda ya fara tara ƙyalle tun ƙarshen damina, kafin sanyin Disamba ya kankama bargonsa na kan gado, domin da yayyafi kogi kan cika.