Lamba Goma ta Sai Masu Gida: Musun da Ya Ratsa Dajin Falgore

Shirinmu na musamman na yau ya baro birnin Kano ta titin Zariya, ya wuce ƙasar Bebeji, ya karya a Kwanar Dangora ta ƙasar Kiru, ya bi ta Tudun Wada inda ƙurar injinan gyaran shinkafa ke tashi, ya kutsa dajin Falgore, sannan ya yada zango a Doguwa. Abin da ya kawo shi nan musu ne, irin wanda ake fara shi a gidan kallon ƙwallo a ƙarasa shi a teburin mai shayi, wani lokaci ma a kwana ba a ƙarasa ba.

Duk wanda ya san gidajen kallo na wannan yanki ya san allon da ake jinginewa a bakin ƙofa, an rubuta wasannin ranar da alli: Arsenal da Chelsea, Real Madrid da Barcelona. A ciki kowa da tasa ƙungiyar, ana ihu ana yi wa juna tsiya har a kashe janareto. Amma da an fito an zauna kan benci, ɗan Arsenal da ɗan Chelsea sai su koma gida ɗaya, domin kusan dukkansu 'yan Kano Pillars ne, Sai Masu Gida. A nan ne rigimar gaske take tashi, kuma yawanci kan riga ɗaya ce, riga mai lamba goma.

Mai wannan riga shi ne Rabi'u Ali, wanda Kanawa suka laƙaba wa Pele. An haife shi a shekarar 1980. Yana cikin tawagar da ta ɗauki kofin gasar Najeriya sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. Ya buga wa ƙasa a gasar CHAN ta 'yan wasan cikin gida a Afirka ta Kudu a 2014, inda Najeriya ta zo ta uku, ya sake zuwa Maroko a 2018, aka kai wasan ƙarshe. Ƙwallayen da ya ci a gasar Najeriya sun haura 100. A kakar 2024 zuwa 2025, yana da shekara 44, har lokacin shi ne kyaftin, shi ke ajiye ƙwallo idan an samu bugun tazara a bakin da'ira, kuma gola ba ya samun natsuwa idan ya ga wanda ya tsaya a kanta.

To, a kan wannan bawan Allah aka rabu gida biyu.

Ɓangare na farko, wanda dattawa da magidanta suka fi yawa a ciki, hujjarsu gajeriya ce: da tsohuwar zuma ake magani. A wurinsu gudu ba shi ne ƙwallo ba. Yaro zai iya sheƙawa daga wannan kusurwa zuwa waccan ya dawo yana haki bai tsinana komai ba, shi kuwa Pele yana tsaye wuri guda zai ɗaga kai sau ɗaya ya zura ƙwallo tsakanin mutum biyu. Sukan ƙara da wata magana wadda ba ta cikin lissafin ƙwallo, amma ta fi komai nauyi a zukatansu: mutumin bai gudu ba. Lokacin da ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu a 2022, ya zauna, aka sha ƙurar ƙananan filaye tare da shi har aka dawo a 2023.

Ɓangare na biyu samari ne, masu waya a hannu, waɗanda idonsu ya saba da ƙwallon Ingila. Su ba sa zagin Pele, don ba mai iya wannan a gaban jama'a ya kwashe lafiya. Sukan fara da yabo, su ce dattijo ne, gwarzo ne, Allah ya saka masa. Sai kuma su saki abin da ke cikinsu: idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Idan aka ƙwace ƙwallo, in ji su, ƙungiyar tamkar mutum goma take kare gida, kuma duk kocin da aka kawo dole ya yanka tsarinsa daidai da ƙafafun mutum ɗaya. Tambayar da suka fi so ita ce, wane yaro ne zai koyi zama lamba goma alhali yana kan benci shekara da shekaru?

Abin dariyar shi ne, kowane ɓangare da wasa ɗaya yake kafa hujja. A 2018, a filin Stephen Keshi da ke Asaba, Pillars ta kai wasan ƙarshe na kofin Aiteo da Enugu Rangers. Ta yi gaba da ci uku da nema. A Kano har an fara shirin biki. Cikin ɗan abin da ya rage na wasan Rangers ta farke duka ukun, aka je bugun fenariti ta ɗauke kofin. Samari suna cewa ga sakamakon tara gajiyayyu nan, numfashi ya ƙare kafin alƙali ya hura tashi. Dattawa kuma suna cewa a'a, tsofaffin sun yi nasu aikin tun da suka ba da uku, masu tsaron baya ne suka yi barci. Sannan su tuna wa yaran cewa da shekara ta zagayo, a 2019, da wannan kyaftin ɗin aka doke Niger Tornadoes a bugun fenariti a filin Ahmadu Bello na Kaduna, ƙarƙashin koci Ibrahim Musa Jugunu, kofin ya zo Kano karo na farko a tarihin ƙungiyar.

Irin wannan gardama ba a kanmu aka fara ba. A Amurka akwai wasan da su ma suke kira ƙwallon ƙafa, ko da yake da hannu ake yawancinsa, da wata ƙwallo mai siffar gwanda. A kowace ƙungiya akwai mutum ɗaya da ake kira kwatabak, shi ke karɓar ƙwallo a farkon kowane hari, ya duba fili, ya zaɓi wanda zai jefa wa. Idan an ci shi ne gwani, idan an sha kashi shi ne mai laifi, kamar dai lamba goma a wurinmu. Tom Brady ya riƙe wannan matsayi a New England Patriots kusan shekara ashirin, ya ɗauki babban kofinsu na Super Bowl sau shida. Da ya doshi arba'in, gidajen rediyon birnin Boston suka cika da musun ko lokaci ya yi da za a nemi matashi. A 2020 ya tattara ya koma Tampa Bay Buccaneers, kuma a watan Fabrairun 2021, yana da shekara 43, ya ɗauki kofi na bakwai, yayin da tsohuwar ƙungiyarsa ko zagayen fitar da gwani ba ta kai ba a waccan kakar. Da dattawan Doguwa sun san wannan labari, da samari ba su sake shan shayi cikin kwanciyar hankali ba.

Sai dai lamba goma rabin zancen ce. Ɗaya rabin shi ne shige da ficen 'yan wasa, kuma babu sunan da ya fi tashi a nan kamar na Ahmed Musa. Mutanen wannan yanki suna da wata 'yar gadara a kansa: a Jos aka haife shi, a Kano ya yi suna, kuma hanyar da ta haɗa garuruwan biyu ta ƙofar gidansu ta bi, daga Saminaka zuwa Doguwa zuwa Tudun Wada. A kakar 2009 zuwa 2010 ya ci wa Pillars ƙwallo 18, ya zama wanda ya fi kowa ci a gasar, yana ɗan shekara goma sha bakwai. Daga nan sai VVV-Venlo ta ƙasar Holan, sai CSKA Moscow, sai Leicester City a 2016, sai Al Nassr ta Saudiyya a 2018. A tsakani ya zura wa Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya zura wa Iceland biyu a ta 2018.

Ya dawo gida karo na farko a watan Afrilun 2021. An yi murna kamar ranar hawan sallah, amma Kano ba ta more shi sosai ba, domin a lokacin ƙungiyar a Kaduna take buga wasanninta na gida, bayan an mayar da filin Sani Abacha na Ƙofar Mata wurin killace masu cutar korona. Watanni kaɗan ya yi ya wuce Turkiyya. Kakar da ta biyo baya ita ce ta faɗuwa, wadda aka haɗa da zaftare maki saboda rikici a fili. Masu adawa da dawo da manyan sunaye har yau da wannan suke kafa hujja: tauraro ya zo ya haska ya wuce, ginin da ke ƙasa bai ƙaru da bulo ko ɗaya ba.

A watan Oktoban 2024 ya sake dawowa, wannan karon tare da Shehu Abdullahi, Basakkwacen da shi ma daga Pillars ya fita waje, wanda ya samo lambar tagulla da Najeriya a wasannin Olamfik na Rio a 2016. A wasansa na farko Musa ya ci Sunshine Stars biyu. Har a filayen baƙi mutane suka riƙa fitowa don su gan shi. Nan ma aka sake rabuwa. Wasu suka ce ko kuɗin ƙofa kaɗai ya isa hujja. Wasu suka ƙirga shekarun Pele da Musa da Shehu suka ce an kusa buɗe majalisar dattawa.

Sai kuma a watan Yulin 2025 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta naɗa Ahmed Musa janar manajan ƙungiyar, alhali bai ajiye takalmi ba. Wannan ya ba teburin mai shayi abin taunawa na wata da watanni. Tambayar da aka riƙa jefawa, rabi wasa rabi gaske, ita ce: idan ranar ba tasa ba ce, wane koci ne zai ɗaga allo ya cire mai gidansa daga fili? Masu goyon baya suka ce ai gara wanda ya san zafin rana a fili, ya ga yadda ake tafiyar da ƙungiya a Rasha da Ingila, da a ɗauko ɗan siyasar da bai taɓa ɗaura takalmi ba.

A ganin wannan shiri, duka ɓangarorin biyu sun tsaya kallon ƙofar shiga, sun manta da ta fita. Ba Pele ne ya hana yara tasowa ba. Yaran da suka isa su karɓi rigarsa ba sa zama. Musa kaka ɗaya ya haska ya tafi. Shehu ya tafi Kuwait. Junior Lokosa ya ci 19 a 2018, ya fi kowa a gasar, shekara na zagayowa yana Esperance ta Tunisiya. Babu mai ganin laifinsu, domin albashin gasar gida ba ya kama ƙafar na waje, ko da na arewacin Afirka ne. Abin da ya rage wa koci a ƙarshen kowace kaka shi ne wanda ya zauna, kuma wanda ya zauna shi ne dattijon nan.

A Amurka an yi wa wannan matsala dabara. Ƙungiyoyi 32 ne a gasarsu ta NFL, kuma kowace shekara ana jera matasan da suka fito daga jami'o'i, ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ita ke fara zaɓa. Akwai kuma iyakar kuɗin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, don kada mai hannu da shuni ya kwashe gwanaye. Shi kansa Brady ta wannan hanya aka samo shi a shekarar 2000, bayan an zaɓi mutum 198 kafin a waiwaye shi. Pillars kuwa, tun da aka kafa ta a 1990 daga haɗakar WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North, a hannun gwamnatin jiha take. Kuɗin sayen ɗan wasa daga baitulmali yake fitowa, shugabanni kuma sukan canza idan gwamnati ta canza. Wanda bai da tabbacin kujerarsa baɗi, da wuya ya shuka abin da sai bayan shekara biyar zai yi 'ya'ya. Ɗauko sunan da kowa ya sani ya fi masa sauƙi.

Duk da haka, a kan wannan tsari ne ƙungiyar ta yi abin da har yau ake ba yara labari. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, bayan kunnen doki ɗaya da ɗaya a Kano da biyu da biyu a Alƙahira, ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tare ta. Ta kuma yi shekara 12 ba a doke ta a gida ba a gasar Najeriya, sai a 2015 Nasarawa United ta karya wannan tarihi.

Akwai wani ƙorafi da ba a cika jinsa a birni ba, amma a Doguwa da Tudun Wada da Kiru da Bebeji yana fitowa da zarar musu ya yi nisa. Idan an gama girbin masara, filayen makarantun firamare sukan cika da yamma, unguwa da unguwa, ƙauye da ƙauye, ana karawa a kan kofin da wani mai hali ya saka. A cikin yaran akwai masu ƙafar hagu da za su ba mutum mamaki, wasu da takalmin roba, wasu ƙafa a ƙasa. Tsakaninsu da Ƙofar Mata tafiyar sa'o'i ce da kuɗin mota mai nauyi, ga kuma rashin wanda zai kama hannunsu ya kai su gwaji. Samarin da ke neman a sauke Pele, idan aka tambaye su wa za a saka, sau da yawa ba sunan wani ɗan bencin Pillars suke kira ba. Wani yaro suke nunawa a garinsu, mai lamba goma da aka rubuta da fenti a bayan riga, wanda gobe da asuba zai bi mahaifinsa gona ɗaukar buhunan masara zuwa bakin titin Jos.

Masu sauraro, daga Doguwa, a nan shirin namu na yau ya tsaya.